Koblar Verna da Garin Kwali

A garin Harlow Creek, cikin duwatsun Carolina ta Arewa inda gonakin tuffa suka kewaye gidajen mutane, an yi wata dattijuwa mai suna Verna Tackett. Mace ce mai tsafta, ba ta fashin zuwa coci, tana duba marasa lafiya, ba a taɓa jin ta ci haƙƙin wani ba. Aibinta ɗaya ne, amma ba ƙarami ba. Ba ta yarda akwai macen da ta kai ta iya girki ba, kuma ba ta iya barin wannan a cikinta. Sai ta faɗa, kuma sai a gaban mutane.

Gaskiya ta iya ɗin. Abin da ya fito da sunanta shi ne koblar tuffa, wani gashin kayan zaƙi da ake yi a tire. Tun tana amarya a gidan marigayi mijinta Odell take yin ta, da tuffar gonarsu ta bayan gida. Takan fere tuffa da 'yar wuƙarta, ta yayyanka siri-siri, ta barbaɗa sukari da kirfa. Sannan ta murza fulawa da man shanu mai sanyi da yatsunta har sai sun zama kamar tsaki, ta rufe tuffar da shi, ta tura tire cikin tanderu. Idan ta fito, sama ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ruwan tuffa na tafarfasa a gefe, ƙamshi har bakin titi. A walimar kaka da cocin Baftis ke yi kowace shekara bayan an gama tsinkar tuffa, tirenta ake fara suɗewa. Maza kan bar nama su fara da ita don kada ta ƙare. Ita ce kuma shugabar matan da ke kula da girkin coci, tun kafin wasu daga cikinsu su yi aure.

Ɗa ɗaya Allah Ya ba ta, Wendell. Ya auri wata yarinya mai suna Darlene, nas ce a asibitin gunduma. Aikinta babu hutu, wani mako da rana, wani mako ta kwana a can, ga yara biyu a gida. Shekarar farko da ta zo walimar kaka a matsayin surukar gidan Tackett, ta so ta faranta wa uwar mijinta rai, sai ita ma ta yi kobla. Amma irin mai sauƙin nan ta yi. Ta yanka tuffa a tire, ta sa sukari da kirfa, ta buɗe kwalin haɗaɗɗen garin kek na kanti ta zazzage shi a bushe a kai, ta jera yankakken man shanu a sama, ta gasa. Babu murzawa, babu kwaɓi. Da yake ma'aikaciyar asibiti ce, ta liƙa kwalin a jikin murfin tiren, don duk mai son sanin abin da ke ciki ya karanta.

Verna na zagaya teburi tana duba abin da kowa ta kawo, sai ta tsaya cak.

"Wannan fa, ta waye?"

"Tawa ce, Mama," in ji Darlene, tana murmushi.

"Au, taki ce. Sannu da ƙoƙari. Ince dai hannunki bai yi ciwo ba wajen yaga kwalin?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Nelda Ramsey, aminiyar Verna tun suna makaranta, ta taɓa ta da gwiwar hannu ta ce, "Verna, ki ji tsoron Allah. Daga asibiti fa yarinyar nan take."

Verna ta ɗebi kaɗan da cokali, ta taɓa a harshe, ta ajiye. "Shi ya sa. Na ji ɗanɗanon magani."

 Kunnuwan Darlene suka yi ja, ta koma gefe tana gyara wa mijinta riga wadda ba ta buƙatar gyara.

Washegari Wendell ya zo gidan uwarsa. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin da hula a hannu ya ce, "Mama, me Darlene ta yi miki?"

"Ni me na ce? Wasa ne. Idan mace ba ta son a yi mata maganar kwali, sai ta daina ciyar da mijinta da kwali. Ubanka bai taɓa cin abin kanti a gidan nan ba har ya koma ga Allah."

"Baba bai auri mai kwana tsaye a kan marasa lafiya ba."

"To ni na aike ta?"

Wendell ya sa hularsa ya fita. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace shekara Darlene ta kawo koblarta da kwalinta a liƙe, kowace shekara Verna ta samo sabuwar baƙar magana. Wata shekara ta ce a ba wa kamfanin gari kyautar iya girki. Wata shekara ta ce jikokinta sun rame don ba su san ɗanɗanon hannun uwa ba. A hankali cin abincin ranar Lahadi a gidanta ya ja baya. Wendell kan kawo yara su gaishe ta, su ɗan zauna, su tafi. Darlene kuwa kullum tana da aiki. Verna ta lura, amma ta ɗauka laifin surukar ne, mai hana ɗa zuwa wurin uwarsa.

Ana nan sai ciwon gaɓɓai ya kama Verna a hannu. Da farko da safe kawai yatsun ke sandarewa, ta jiƙa su a ruwan ɗumi su saki. Daga baya suka kumbura, suka karkace, har buɗe kwalba ya zama aiki. Ba ta gaya wa kowa ba. A coci takan sa safar hannu, ta ce sanyi take ji.

Da kaka ta zo, ana gobe walima, ta ɗaura gyauton girki ta tsaya a kicin kamar yadda ta saba. Tuffa ta biyu ba ta gama ferewa ba wuƙa ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ta ɗauko wani ƙarfen fere mai juyawa da Odell ya taɓa saya mata, wanda ta jefa a sito ta ce na malalata ne. Da shi ta samu ta gama da tuffar. Amma da ta zo murza fulawa da man shanu, sai abin ya gagara. Yatsun suka ƙi haɗuwa. Ta cije ta matsa, zafi ya harbo har kafaɗa. Man ya narke a tafinta, fulawar ta zama ƙullu mai danƙo. Ta zauna a kan kujera ta dubi hannuwanta, hawaye suka zubo mata.

A wannan zama hanyoyi biyu ne a gabanta. Za ta iya ɗaga waya ta kira Darlene ta ce, zo ki taya ni. Za ta iya kuma gaya wa matan coci cewa hannu ya gaza, bana wata ta yi. Ta juya kowacce a ranta, ta hango fuskokinsu, ta hango tausayin da za a riƙa yi mata, ta ji ba za ta iya ba.

Sai ta wanke hannu, ta shiga mota, ta wuce kantin garinsu, ta wuce na gari na gaba, har ta kai wani gari can bayan dutse inda babu wanda ya san ta. Ta tsaya a gaban kantar garin kek tana waige-waige kamar mai shirin sata. Ta san idan ta ɗauki garin mai ruwan ɗorawa, irin wanda Darlene ke amfani da shi, wata mai kaifin harshe za ta gane. Sai ta zaɓi wani dabam, mai hoton 'ya'yan pikan a jikin kwalin, irin da ake niƙawa kamar gyaɗa a zuba a kek. Ta dawo gida, ta zazzage garin a kan tuffa, ta jera man shanu, ta gasa. Kwalin kuwa ta cusa shi a murhun itace, ta tsaya har ya zama toka.

Da ta buɗe tanderu ta ga abin da ya fito, sai ranta ya ɓaci. Koblar ta yi kyau. Ta ɗanɗana, ta ji ta yi daɗi, kuma aikin bai ɗauke ta komai ba.

A walimar, mutane suka yi ta santi fiye da kowace shekara.

"Verna, me kika ƙara bana?" in ji Nelda, baki cike. "Akwai wani gardi da ban saba ji ba."

"Sirrin kakata ne. Sai na kusa mutuwa zan faɗa."

"Ke da za ki binne mu duka."

Darlene ma ta ɗebi kaɗan. Ta tauna a hankali, ta ɗago ta dubi surukarta, ta dubi hannuwan da ke cikin safa. Ta ce, "Ta yi daɗi, Mama." 

Mai hankali zai ce daga ranar Verna za ta sassauta wa yarinyar. Ina. Sai ma abin ya ƙaru. Duk lokacin da zuciyarta ta tuna mata da toka a murhu, sai ta ɗaga murya a kan garin kwali, don kada wani ya yi mata zato.

Shekara ta zagayo, aka kawo sabon fasto, wani matashi mai suna Coley, da matarsa Patsy da 'yarsu Lottie, yarinya 'yar firamare mai surutu da giɓi a baki. Lottie na da wata lalura. Jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa da pikan da danginsu. Ko kaɗan ta ci, sai maƙogwaronta ya kumbura numfashi ya gagara. Saboda haka uwarta ba ta barin ta ci komai a taro sai ta bincika, kuma kullum akwai allurar gaggawa a jakarta.

Ranar walima da rana tsaka, ɗakin taron coci ya cika. Bana ma da garin kwalin nan mai pikan Verna ta yi koblarta a ɓoye. Darlene na wurin aiki, za ta makara, sai Wendell ya kawo tirenta. Patsy ta bi teburi da 'yarta a hannu tana tambayar kowace mace abin da ta sa a girkinta. Da ta zo kan koblar Darlene ta karanta kwalin da ke liƙe, ta ga an rubuta cewa a injin da ake niƙa gyaɗa ake haɗa garin. Ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba taki ba ce, Lottie." Yarinyar ta turo baki.

Suka iso gaban Verna, tana tsaye a bayan tirenta, mata sun kewaye ta.

"'Yar'uwa Verna," in ji Patsy, "kowa ya ce mini taki ta gida ce tsantsa. Ki yi haƙuri da tambaya, dole ce ta sa. Babu gyaɗa ko pikan a ciki ko? Babu garin kanti?"

 Hoton nan na jikin kwali ya tsaya wa Verna a ido. Kafin ta buɗe baki, Nelda ta riga ta.

"Verna da garin kanti? Ai gara ki ce mijinki na sayar da giya a bayan coci."

Aka yi dariya, har da Patsy. Duk idanu suka dawo kan Verna. A cikin ɗan wannan lokaci ta yi wa kanta huɗuba. Ta ce ai hoto ne kawai, ƙamshi suke sawa, wa zai zuba pikan na gaske a gari mai araha? Ta ce ai bara kowa ya ci lafiya. Ta ce iyayen zamani ne da tsoro. Kuma idan ta faɗi gaskiya a nan, a gaban Nelda, a gaban waɗannan matan da suka yi shekaru suna taya ta dariya, ina za ta sa fuskarta?

Ta gyara tsayuwa ta ce, "Fulawa, man shanu, sukari, kirfa, da tuffar gonata. Shi ke nan. Ni ba na sa wa mutane abin da ban san asalinsa ba a baki."

Da hannunta ta yanka babban yanki ta ɗora wa yarinyar a faranti.

"Na gode, Mis Verna," in ji Lottie. "Ban taɓa cin kobla a coci ba. Kullum sai Mama ta hana ni."

Verna ta bi ta da kallo har ta zauna kusa da ubanta. Ta ga ta fara da koblar, ta cinye tas, sannan ta ɗauki cinyar kaza tana gaigaya. Ba abin da ya faru. Verna ta sauke numfashi, ta ci gaba da raba wa mutane.

Ba a jima ba ta ji tari. Lottie ce, ta riƙe wuya da hannu ɗaya, cinyar kaza a ɗayan. Tarin ya koma wani irin numfashi mai fito.

"Ƙashi ne," wani ya ce. "Ƙashin kaza ya maƙale mata."

Fasto Coley ya tashe ta tsaye yana bubbuga mata baya. Patsy ta durƙusa a gabanta tana cewa, "Tofar, Lottie, tofar." Wata mata ta tambaya ko lalurar nan ce. Patsy ta ce, "A'a, ba ta ci komai ba, na tambayi kowa. Kaza ce kawai da koblar 'Yar'uwa Verna."

Verna na tsaye da wuƙar yanka a hannu. Ta ji wannan magana sarai. Ta san ba ƙashi ba ne. Amma ta ce a ranta watakila dai ƙashin ne, bari a ga. Ta yi shiru.

Daidai nan Darlene ta shigo da kayan aikinta a jiki. Ta yar da jaka ta ratsa mutane. Aka ce mata ƙashi ne, sai ta zagaya bayan yarinyar ta rungume ta ta ciki tana matsawa da ƙarfi don ya fito. Ta matsa, ta sake matsawa, babu abin da ya fito. Kan Lottie ya fara langaɓewa. Leɓunanta suka sauya launi. Verna ta ga idanun yarinyar a buɗe suna neman uwarta, ta ga farantin da ta suɗe ɗazu yana nan a kan teburi.

Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

"Ba ƙashi ba ne," ta ce.

Hayaniya ta hana a ji. Ta sake faɗa da ƙarfi, da muryar nan da take ba mata umarni a kicin. "Darlene, ba ƙashi ba ne. Koblar ce."

 Darlene ta ɗago. "Me ke ciki, Mama?"

"Garin kwali ne. Mai pikan."

Darlene ba ta tsaya ko kallonta ba. "Patsy, ina allurar?"

"Jakata tana mota."

"Wendell, karɓi makulli, ruga. Nelda, kira motar asibiti. Ku ja baya ku ba ta iska."

Wendell ya dawo a guje. Darlene ta kwantar da yarinyar, ta caka mata allurar a cinya ta saman riga, ta riƙe, tana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Can sai aka ji Lottie ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta sake ja, ta fashe da kuka. Motar asibiti ta zo aka ɗauke ta, iyayenta da Darlene suka bi.

Da suka tafi, babu wanda ya koma kan abinci. Babu kuma wanda ya zagi Verna, kuma da zagin aka yi da ya fi mata sauƙi. Mata suka riƙa tattara tirensu ba tare da sun dube ta ba. Nelda kaɗai ta matso. Ta dubi ragowar koblar, ta dubi aminiyarta.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kuma bara ma sai da kika ci mutuncin surukarki. Ni kuma ina taya ki." Ta ɗauki jakarta. "Yau da bakina na tsaya miki, Verna."

Lottie ta rayu. Ta kwana huɗu a asibiti, likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi. A rana ta biyu Verna ta je dubiya. Patsy ta fito ta tare ta a bakin ƙofa, ta ja ƙofar ta rufe a bayanta.

"Na zo ne in..." Verna ta fara.

"Na tambaye ki," in ji Patsy, muryarta a ƙasa. "Na dubi idonki na tambaye ki, 'yata na tsaye a gefena. Da kin ce mini kawai kada ta ci, ba zan tambayi dalili ba."

 Wannan hanyar ko zuwa ran Verna ba ta yi ba a ranar, don hankalinta duk yana kan matan da ke kallonta.

"Zan yafe miki, don an umarce ni in yafe," Patsy ta ci gaba. "Amma ba yau ba. Kuma kada ki ƙara miƙa wa 'yata komai, ko da ruwa ne."

Verna ta koma gida. Ta aika wa coci cewa ta sauka daga shugabancin girki. Ta daina fita. Tuffar ƙarshen kaka ta zube a gindin bishiyoyi tana ruɓewa, zanzaro na bi, ba ta ko leƙa ba. Wayarta da a da ba ta hutawa da masu neman shawarar girki ta yi shiru.

Wata rana da la'asar ta ji mota ta tsaya. Darlene ce, ita kaɗai. Ta shigo kicin ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce mata ta zauna ba.

"Wendell ya ce kin daina ɗaga waya."

"Me zan ce wa mutane?"

 Can Verna ta ce, "Kin sani ko? Tun bara, da kika ɗanɗana."

"Na sani. Wanda ya saba da garin nan ba ya ɓace masa. Irin ne kawai ban gane ba. Da na san mai pikan ne, da ban yi shiru ba, ko da za ki tsine mini."

"Me ya hana ki tona ni? Kin samu dama. Da ni ce da ban ƙyale ba."

"In tona ki in samu me, Mama? Na ga yadda kike riƙe kofi da hannu biyu. Jira nake ki ce in zo in taya ki. Ni ba zan fara ba, don na san abin da za ki ce."

Verna ta sunkuyar da kai. "Na cuce ki, Darlene."

"Kin cuce ni," in ji Darlene, ba ta sassauta ba. "Duk walimar da aka yi, a mota nake kuka kafin mu isa gida. Yara na tambaya me na yi wa Kaka. Ni kuwa kobla na fara yi don an ce ita kike so."

Verna ta rufe fuska da karkatattun yatsunta. Rabon da wani ya ga kukanta tun rasuwar Odell. Darlene ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta jawo hannuwan ta buɗe su a kan teburi, tana taɓa gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya daɗe. Akwai magani, da kin zo da wuri da bai kai haka ba. Jibi zan kai ki wurin likita."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai kika yi wa ba, kuma ba a ɓoye kika yi ba."

Verna ta fahimta. Ranar Lahadi ta yi shiga ta tafi coci, ba safar hannu. Da aka zo lokacin da fasto ke tambayar ko akwai mai magana, ta dafa bencin gabanta ta miƙe. Ta ce hannunta ya gaza, ta ji kunyar faɗa. Ta ce ta yi wa matar fasto ƙarya a kan abin da ya shafi ran 'yarta, kuma ta yi shiru lokacin da magana ke da amfani. Ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba. Sannan ta juya ta nuna inda Darlene ke zaune.

"Waccan matar ɗana ce," ta ce. "Shekaru ina yi mata dariya a gabanku don tana liƙa kwali a tirenta. Ita gaskiyarta take liƙawa. Ita ta ceci yarinyar da na kusa kashewa. Duk garin nan babu wadda ta yi dacen suruka kamata, kuma ni ce ta ƙarshe da na sani."

Ta zauna. Nelda da ke bayanta ta ɗora mata hannu a kafaɗa.

Abubuwa ba su koma yadda suke ba. Shugabancin girki ya tafi ke nan. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa, na wadda ba a kai ta iya kobla ba, ya koma labarin da iyaye ke ba 'ya'yansu idan sun kama su da ƙarya. Patsy ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta amsa gaisuwarta da sakin fuska, kuma har aka yi wa Fasto Coley canjin wurin aiki, Lottie ba ta ƙara cin komai daga hannun Verna ba. Amma ranar Lahadi gidanta ya sake cika. Jikoki su tsinko tuffa, Wendell ya juya ƙarfen fere, Darlene ta yaga kwali, Verna kuma ta zauna a kujera tana cewa kirfar ta yi kaɗan. A walimar kaka tire ɗaya gidan Tackett ke kawowa. Idan baƙo ya ci ya yi santi ya tambayi wadda ta yi, Verna ce ke amsawa tun kafin kowa ya buɗe baki.

"Ta kwali ce," takan ce, kai a sama. "Surukata ta koya mini."

Darasin da ke cikin labarin Verna a bayyane yake. Iya aiki abin alfahari ne, amma idan alfahari ya kai mutum ga raina na ƙasa da shi, to ya toshe wa kansa hanyar neman taimako ranar da ƙarfinsa zai gaza, kuma kowa ƙarfinsa na gazawa. Babu abin kunya a bin hanya mai sauƙi, babu abin kunya a cewa na kasa. Abin kunya shi ne mutum ya yi a ɓoye abin da yake zagin wasu a kai, sannan ya kare sunansa da ƙarya. Ƙaryar da kake ganin ƙarama ce, wadda ba ta shafi kowa ba sai mutuncinka, tana iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Idan aka tambaye ka gaskiya, ka faɗe ta a lokacin da take da amfani, ko da za ta rage maka daraja a idon mutane. Darajar da aka rasa saboda gaskiya tana dawowa, amma ran da aka rasa saboda ƙarya ba ya dawowa.